Martani: Wanda Ya Sa Hannu Ya Ɗauki Alkawari

Kwanakin nan wani rubutu yana ta yawo a hannun dattawan ikilisiya da shugabannin matasa a Birnin Kebbi, har ya kai Argungu. Marubucin ɗan'uwa ne mai ilimi, ya kuma daɗe cikin aikin Ubangiji. Shi ya sa maganarsa take da nauyi, shi ya sa kuma bai kamata a bar ta ta wuce ba tare da amsa ba. Batunsa takardar shaidar bangaskiya ce, wadda ake miƙa wa mutum ya sa hannu kafin a naɗa shi dattijo, ko a ɗauke shi koyarwa a makarantar coci, ko a ba shi shugabancin wata ƙungiyar zumunta. A ganinsa takardar nan al'ada ce kurum. Kowa ya sa hannu. In akwai sashen da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, sai ya ba shi ma'anar da ta yi masa, ya bar wa cikinsa. Dalilinsa shi ne mu 'yan tsiraru ne a wannan yanki, ba mu da sararin tsayawa gardama a kan kalmomi, kuma a ganinsa masu tambayar ko mutum ya yarda da abin da ya sa wa hannu neman laifin 'yan'uwa kawai suke yi.

Malam, na san ba da mugun nufi ka rubuta ba. Tsoron rabuwa ne ya sa ka, tsoron kuma yana da tushe. Amma abin da ka yi shi ne ka halatta ƙarya, ko da kuwa ka sa mata rigar zaman lafiya, kuma shawarar taka ita ce za ta kai mu ga rabuwar da kake gudu.

A nan Gwadangaji sakatariyar jiha take, yawancin masu biyan zakka a majami'unmu na cikin gari kuwa ma'aikata ne. Duk wanda ya taɓa sa hannu a takardar fitar da kuɗin gwamnati ya san ranar da masu binciken kuɗi suka zo ba wanda zai tambaye shi abin da ya nufa a ransa. Abin da ke rubuce a saman sunansa, da shi za a kama shi. In mun yarda da wannan a kan kuɗin man mota da na takarda, yaya za mu ƙi yarda da shi a kan abin da muke cewa shi ne ranmu? Wanda ya sa hannu a shaidar bangaskiyar wata ikilisiya ba da Allah kaɗai yake magana ba. Yana magana da uwar da za ta sakar masa 'ya'yanta a makarantar Lahadi, da matan zumunta waɗanda daga cinikin ƙosai da surfen shinkafa suke haɗa baikon da ake biyansa da shi, da dattijon da bai iya karatu ba amma ya dogara cewa wanda aka tsayar a gabansa abin da aka sani zai koyar. Ma'anar takardar tana hannun waɗannan mutane da waɗanda suka rubuta ta. Mai sa hannu ba shi da ikon sauya ta a ɓoye, ya bar su suna zaton ana tare.

Mu sauko kan zahiri, don kada a ce maganar sama muke yi. ECWA da Baftis suna yi wa wanda ya ba da gaskiya da bakinsa baftisma ta nutsarwa. Anglika da Katolika suna yi wa jarirai baftisma. Assemblies of God suna koyar da cewa magana da harsuna ita ce alamar farko ta baftismar Ruhu Mai Tsarki; ECWA ba ta koyar da haka. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne a wurin masu riƙe da su. To a ce saurayi ya dawo daga jami'a ya gamsu da koyarwar harsuna, aka zaɓe shi shugaban matasa a ikilisiyar da ba ta yarda da ita ba, ya bi shawararka ya sa hannu ya yi shiru. Shirun nan na wata nawa ne? Mutum ba ya iya danne abin da ya gaskata har abada, ballantana matashi mai zafin jini. Ba za a daɗe ba zai fara koyar da ita a addu'ar dare, matasa su rabu biyu, dattawa su ɗauko takardar su nuna masa sunansa, shi kuma ya ce ai abin da ya nufa daban ne. Daga nan an bar gardamar koyarwa an koma maganar cin amana, ita kuwa ba ta warkewa da wuri. Da tun ranar farko ya ce wa dattawa, "Baba, wannan sashe ban yarda da shi ba," da an zauna an yi magana, ko su karɓe shi a haka da sani, ko a rabu ana gaisawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tarihin ikilisiya ya riga ya gwada shawararka, a kan batun da ya fi waɗannan girma nesa. A shekara ta 325 Sarki Konstantin ya tara bishop-bishop fiye da 200 a Nikiya, domin koyarwar Ariyus na Iskandariya, wanda yake cewa Ɗan Allah halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Taron ya rubuta shaidar bangaskiyar da ta zama tushen wadda har yau ake karantawa a majami'un Katolika da Anglika. Bishop biyu daga Libiya, Sekundus da Tiyonas, suka ƙi sa hannu, aka kore su tare da Ariyus. Yusibiyus na Nikomidiya kuwa, wanda zuciyarsa take tare da Ariyus, ya sa hannu. Aka tashi taro ana murna an sami haɗin kai. Bayan 'yan watanni aka ga inda ya dosa, aka kore shi shi ma. Ya dawo, ya sami fada a wurin sarki, ya shiga aikin tumɓuke waɗanda suka tsaya a kan takardar da shi kansa ya sa wa hannu, har aka tuɓe Atanasiyus na Iskandariya a taron Taya a 335. Rigimar ba ta lafa ba sai a taron Kustantiniya na 381, bayan fiye da shekara hamsin ana korar bishop-bishop ana maido su. Ban yarda da koyarwar mutanen Libiyan nan biyu ba ko kaɗan, amma sun fi Yusibiyus gaskiya, kuma ba su ne suka jawo wa ikilisiya wahalar ba. Akwai kuma darasi a nan ga shugabanni, wanda zan zo kansa: sa hannun Nikiya an yi shi ne da barazanar kora a kan kowa.

Hujjarka mafi ƙarfi ita ce ƙarancinmu da halin da ake ciki. Ba na musun wannan. Duk wanda yake da dangi a ƙasar Zuru ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Danko-Wasagu, Musulmi da Kirista, kuma ba wanda ya manta da ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri da aka kwashe a watan Yunin 2021. A irin wannan lokaci wanda ya raba kan 'yan'uwa a kan abin da bai kai ya kawo ba zai amsa a gaban Allah. Sai dai iyayenmu sun riga sun gano hanyar haɗin kai wadda ba ta bukatar ƙarya. Ikilisiyoyin da suka fito daga aikin mishan na SUM sun kafa tarayyarsu a 1955, wadda yau ake kira TEKAN, kowace da tsarinta. A 1976 aka kafa CAN, wadda yau take da rukunoni biyar a cikinta. Ba wanda ya ce wa ɗan Katolika ya sa hannu a ƙa'idodin ECWA kafin ya zauna a taron CAN, ba kuma wanda ya ce wa ɗan Baftis ya amince da Fafaroma. A jihar nan ɗan Katolika da ɗan Anglika da ɗan UMCA, wadda ta yi jijiya a Zuru da Yauri tun aikin mishan na shekarun 1920, suna zama a tebur ɗaya su je wurin gwamna da murya ɗaya, domin abin da suke cewa sun haɗu a kai kaɗan ne kuma gaskiya ne. Da bishop-bishop na Katolika suka ƙi gamsuwa da yadda ake tafiyar da CAN a zamanin shugabancin Ayo Oritsejafor, ba su zauna suna murmushi suna gunaguni a ciki ba. Sun jingine shiga harkokinta a matakin ƙasa, maganar ta fito fili a 2013, daga baya aka sasanta. An ji zafi, amma kowa ya san inda ɗan'uwansa ya tsaya.

Don haka in takarda ta yi tsawo har ta hana masu bi na ɗariku dabam-dabam aiki tare, a gajarta ta. Wannan shi ne magani. Ƙungiyar ɗalibai ta FCS, wadda ta faro daga Gindiri a 1957, ta daɗe tana tara 'ya'yan ɗariku da yawa a makarantun Arewa a kan manyan ginshiƙan bangaskiya. Zumuntar ɗalibai a kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, ko a jami'ar tarayya da ke Kalgo, ko a kwalejin ilimi ta Argungu, ba ta da dalilin cusa yadda ake baftisma ko lissafin ƙarshen zamani cikin takardarta. Layi biyar da kowa ya gaskata da zuciya ɗaya za su riƙe ƙungiya fiye da shafi goma da rabin mutane suka sa wa hannu suna kau da kai.

Ka kuma ce wane ne ba shi da shakka, in za a bincika zuciyar kowa ba fasto ɗaya da zai rage. Nan na tsaya na yi tunani sosai, don akwai gaskiya a ciki. Ba mai bi na ƙwarai da bai taɓa kwana yana tambayar kansa ba. Toma ya yi shakka, Ubangiji bai kore shi ba. Uban yaron nan mai farfaɗiya ya faɗa wa Yesu a fili cewa ya gaskata amma bangaskiyarsa tana da rauni, aka warkar masa da ɗansa. Amma duba abin da ya haɗa mutanen nan biyu: dukansu sun faɗa da baki, a gaban mutane. Wanda yake kokawa da wata koyarwa, yana so ya gaskata, yana addu'a a kai, yana iya sa hannu da lamiri mai tsabta, musamman in ya gaya wa fastonsa halin da yake ciki. Wanda ya riga ya yanke hukunci cewa koyarwar ba gaskiya ba ce, ya kuma sa hannu don kada kujera ta wuce shi, wannan ba mai shakka ba ne. Rubutunka ya cakuɗa su biyun, ya ɗauki tausayin da ya dace da na farko ya lulluɓe na biyu da shi.

Misalin Na'aman da ka kawo ma bai taimake ka ba. Gaskiya ne ya koma Suriya inda aikinsa zai sa ya raka maigidansa haikalin Rimmon ya rusuna tare da shi, kuma Elisha ya sallame shi lafiya. Amma kafin ya tafi sai da ya buɗe baki ya gaya wa annabin abin da ke gabansa, ya nemi gafara a kai. Bai ɓoye wa mutumin Allah komai ba. Labarin da ya fi dacewa da batunmu yana cikin Ayyukan Manzanni sura 5. Hananiya da Safiratu ba a hukunta su don sun rage wani abu daga kuɗin gonarsu ba. Bitrus ya gaya wa Hananiya sarai cewa gonar tasa ce, kuɗin ma nasa ne, ba wanda ya tilasta masa. Laifinsu shi ne sun kawo wani sashe suka bar jama'a suna ganin duka ne. Ba wanda ya tilasta wa kowa ya yarda da kowane sashe na takardar wata ɗarika. Ƙofa a buɗe take, majami'u suna da yawa a garin nan. Abin da ba shi da kyau shi ne ka kawo rabin yarda ka ajiye a gaban ikilisiya da sunan cikakkiya.

Wataƙila za ka ce ta yaya koyarwa za ta gyaru in duk mai sabon tunani sai ya fita. Ba na cewa ya fita. Cewa nake ya yi magana. Ga misalin da ya shafi gidajenmu kai tsaye. A taron Lambet na 1888 bishop-bishop na Anglika suka yanke cewa ba za a yi wa mai mace fiye da ɗaya baftisma ba. Kowa ya san irin kukan da wannan doka da makamantanta a sauran ɗariku suka jawo a ƙasar Maguzawa da ta Dakarkari: magidanci ya karɓi bishara, a ce sai ya sallami uwar 'ya'yansa kafin ya shiga ruwa. Mutane da yawa sun ga zalunci a ciki, suka yi ta faɗa a taro bayan taro, a rubuce da baki. A taron Lambet na 1988, da ƙoƙarin bishop-bishop na Afirka, aka amince a yi wa irin wannan mutum baftisma tare da matansa da 'ya'yansa masu bi, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba muddin matansa suna raye, jama'ar ikilisiyar wurin kuma sun yarda. Shekara ɗari cur, ta yi tsawo ƙwarai, an kuma cuci mutane a tsakani. Amma da kowane limami ya bi shawararka, ya sa hannu ya je yana yin abin da ya ga dama a ƙauyensa, da dokar tana nan a takarda har yau, talakan da ya faɗa hannun mai tsanani kuma yana nan yana shan wahalarta.

Byang Kato na Kwoi, wanda ya zama babban sakataren ECWA a 1967, ya ga wata koyarwa da bai yarda da ita ba tana bazuwa a jami'o'in Afirka. Ya rubuta littafi, wanda ya fito a 1975, shekarar da ya rasu, ya ambaci John Mbiti da Bolaji Idowu da sunayensu, ya faɗi inda ya saɓa da su. Har yau masana suna gardama ko ya yi musu adalci. Amma ba wanda zai ce bai san abin da Kato ya gaskata ba. Haka Bulus ya yi wa Bitrus a Antakiya, ido da ido a gaban jama'a, lokacin da Bitrus yake ci da al'ummai in ba baƙi, ya janye in mutanen Urushalima sun zo.

Yanzu ga rabon shugabanni, kuma a nan ni da kai muna iya tsayawa wuri ɗaya. Yawancin sa hannun ƙarya da ake yi, shugabanni ne suke shirya masa fili. Ana miƙa wa mutum takarda da Turanci mai wuya, wadda aka gada daga Turawan mishan, a ranar da ya zo karɓar aiki, ga layi a bayansa, ga yunwa a gida. Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932, aikin su Dakta Miller na Zariya, amma takardar da ke ɗaure mutum a ikilisiyarsa sau da yawa ba a taɓa karanta masa ita da harshen da yake addu'a da shi ba. Ana kuma sa direba da maigadi da mai shara su sa hannu a abin da aka rubuta domin mai wa'azi. Na ga inda wata malama ta faɗi gaskiya cewa akwai sashe ɗaya da ba ta fahimta ba, aka hana ta aikin, aka ba wanda ya sa hannu bai ko karanta ba. Duk matashin da ya ga wannan ya koyi darasi, darasin kuwa shi ne naka: yi shiru ka sa hannu. Akwai kuma shugabannin da ba sa tuna takardar sai lokacin zaɓe ya zo, su ɗauko ta su kayar da abokin takara. Wanda ya sa hannu cewa Maganar Allah ce ma'aunin rayuwarsa, shekara ta zagayo bai karanta wa ikilisiya lissafin baiko ba, shi ma ya karya takardar, ko da bakinsa bai kauce daga koyarwa ba.

Muna zaune a ƙasar Gwandu, ƙasar Abdullahi ɗan Fodiyo, cikin maƙwabta Musulmi waɗanda tun suna makarantar allo ake koya musu cewa furucin baki ba tare da gaskatawar zuciya ba yana da suna, sunan kuma ba mai daɗi ba ne. Suna kallonmu. Ba su yarda da abin da muka gaskata game da Yesu ba, amma na daɗe da lura cewa suna girmama Kiristan da ya san addininsa ya kuma tsaya a kai fiye da mai noƙe-noƙe. Yesu ya koya wa almajiransa su zama mutanen da amsarsu kaɗai ta isa, ba sai an sa su rantsuwa ba. In aka ji cewa a cikin ɗakin sujadarmu ma muna koya wa juna sa hannu a abin da ba mu yarda da shi ba, da wane ido abokin ciniki a kasuwar Birnin Kebbi zai dubi alkawarinmu, da wane kunne alƙali zai saurari shaidarmu?

Ina roƙon dattawa da fastoci na Birnin Kebbi da Argungu da Zuru da Yauri, kafin zaɓen shugabanni na gaba, a fassara takardun nan zuwa Hausa da Dakarci, a karanta su a gaban jama'a sashe-sashe, a ba mai neman muƙami mako biyu ya je gida da takardar ya yi nazari, a kuma tabbatar masa cewa in ya dawo ya ce akwai inda bai yarda ba, za a zauna da shi a saurare shi, ba za a kira sunansa a kan bagade ba. Kai kuma Malam, matasa da yawa suna jin maganarka fiye da yadda suke jin tawa. Ka sake ɗaukar alƙalami ka janye wannan shawara, ka gaya musu kada su sa hannu a abin da ba su gaskata ba.